Allah Ya Ja Zamanin Babban Allo

Rashin godiya ya yi mana yawa a ƙasar nan. Sarakuna suna da maroƙansu, ƴan kokowa suna da makaɗansu, ko ragon layya in ya cika ido sai yara sun raka shi gida da shewa. Amma har yau ban ji wanda ya miƙe a gaban jama'a ya gode wa babbar laftof ɗin nan da ke zaune a kan teburin masu hoto ba. Tana Magarya, tana Bande da Waca da Yekuwa, tana Dungas da Dogo-Dogo da Malawa, duk inda aka rataya labule mai zanen bene da furanni aka ce an buɗe ɗakin hoto. Ta sha ƙurar hunturu, ta sha zafin bazara, ta gyara amare da angwaye da ƴan jarrabawa, ba ta taɓa cewa a biya ta ba. To yau ni zan sauke mana wannan nauyi.

A dubi tafiyar da ta yi kafin ta iso mu, don a san ba ƙaramar baƙuwa ba ce. Ta yi ƙuruciyarta a wani ofis a Turai ko Amurka, tana lissafin albashi tana buga wasiƙu, aikin da aka ƙera ta dominsa ke nan. Da ƙarfinta ya fara ja da baya aka sallame ta, ta hau jirgin ruwa ta sauka Legas, ta ɗan huta a kasuwar kwamfutoci ta Ikeja, ta biyo babbar mota zuwa titin Beirut a Kano. Daga can ko dai ta faɗo ta Babban Mutum ta ƙetare Tinkim, ko ta biyo masu dawowa daga kasuwar Maigatari ranar Alhamis. A duk tsawon hanyar nan babu wanda ya taɓa gaya mata wata rana za a ɗora mata alhakin launin fuskar amarya. Mu muka ga cancantarta, mu muka naɗa ta.

Cinikinta ma abin koyi ne, don ba ya cin lokaci.

"Alhaji, wannan inci nawa ce?"

"Sha biyar da rabi ce, ƙanena. In kuma yayarta kake so, ga mai sha bakwai can. Duk HD ne, ga shi nan a manne."

Shi ke nan sai a koma kan kuɗi, a yi ta juya naira zuwa jika har a daidaita. Kuma mai saye ya yi tambayar da ta kamace shi. Ɗakin hoto wuri ne na kwarjini. Wanda ya buɗe ƴar ƙaramar kwamfuta a gaban Hajiya, ai sai ta ɗauka ɗan koyo ne maigidansa ya fita. Amma in ya ɗaga murfin da ya kusa tare masa fuska, ko bai danna komai ba an san an zo hannun gwani.

Incin nan ana auna shi ne a karkace, daga kusurwa zuwa kusurwa, kuma inci ɗaya santimita 2.54 ne. Mai 15.6 ta kusa santimita 40, mai 17.3 ta kusa 44. Iyakar abin da lambar take faɗa ke nan: faɗin gilashi. Ba ta ce uffan ba a kan abin da gilashin zai iya nunawa, kuma ta kyauta da ta yi shiru.

Mahassada dai ba sa ƙarewa. Su ne za su ce maka hoto a kan allo ɗige-ɗige ne ƙanana jere a layi, kuma yawan ɗigon shi ke sa ka ga zaren aikin wuya ko gashin gira. Za su ƙirga maka cewa gwanarmu mai 15.6 tana da ɗigo 1366 a kwance da 768 a tsaye, jimla 1,049,088, wato kusan ɗigo 100 a kowane inci. Yayarta mai 17.3 galibi 1600 ce a 900, ɗigo 106 a inci. Sannan su nuna maka wata ƴar figigiya mai inci 14 wadda ke da 1920 a 1080, jimla 2,073,600, ɗigo 157 a inci, su ce wai ta kusa ninka gwanarmu wajen abin da take nunawa. Wani ma ya ce mini tiya guda ta gero, ko a faifai ka zuba ta ko ka baza ta a tabarmar masallaci, tiya guda ce dai. Na ce masa haka ne, amma mai wucewa a titi tabarmar zai gani.

Ni kuwa ban ga abin rainawa a ɗigo miliyan guda ba. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da 930,000 a Magarya da Dungas in an haɗa su. Ke nan da za a tara mu gaba ɗaya a hoto guda, kowa zai samu ɗigonsa ɗaya, har a rage wa baƙi. Wane adalci ya wuce wannan? Gaskiya ne an hayayyafa tun daga lokacin, yanzu sai dai a yi haƙuri a raba ɗigon biyu. Gaskiya ne kuma wayar da ke aljihun yaron shago, irin Tecno da itel masu araha da ke da 720 a 1600, ta fi kwamfutar maigidansa yawan ɗigo. Amma waya dai waya ce, ba a ɗora ta a tebur a yi mata lulluɓi da ƙyalle.

Kamfanin Adobe, mai Photoshop, ya rubuta cewa mafi ƙarancin allon da sabbin fitowarsa ke so shi ne 1280 a 800, kuma ya fi son 1920 a 1080. Gwanarmu saura ɗigo 32 kacal ta kai wannan mafi ƙarancin a tsaye. Wanda ya kusa cin jarrabawa ai ba a kiransa daƙiƙi. Balle ma Photoshop ɗin da ke yawo a filas tsakanin masu hoto, daga 7.0 na 2002 zuwa CS3 na 2007 da CS6 na 2012, ba shi da wannan iyayi. Duk inda aka shimfiɗa masa sai ya kwanta.

Babban halinta da ya fi burge ni shi ne rufin asiri. Kyamarar Canon 600D, wadda ta daɗe a wuyan masu ɗaukar biki, tana fitar da hoto mai ɗigo 5184 a 3456, kusan miliyan 18. In ka ce allon nan ya nuna maka shi ɗigo da ɗigo, kashi ɗaya cikin 17 kawai zai iya ɗauka a lokaci guda. In kuma hoton a tsaye aka ɗauke shi, kamar yadda ake ɗaukar ango da babbar riga, sai a matse tsawon 5184 cikin ɗan filin da ya rage bayan sandunan Photoshop sun ci nasu rabo sama da ƙasa, filin da bai wuce ɗigo 600 da ƴan kai ba. Fuskar angon ba ta kai ɗigo 100 ba. A wannan ƙanƙanta kowa kyakkyawa ne, kowane hoto tas yake. Hannun mai ɗauka ya girgiza? Ba a gani. Kyamara ta bar idon amarya ta je ta kama furen labule? Ba a gani. An yanke mutum daga bango an bar masa farin zobe a gefen hula? Sai ranar da aka wanke hoton a babbar takarda aka saka shi a firam, lokacin kuwa an riga an karɓi kafin alƙalami, baƙi sun watse. Aboki na gari shi ne wanda ba ya tona maka asiri a gaban mutane, ko da kuwa daga baya zai bari ka faɗa rami.

Wanda ya nace sai ya duba da kyau, zai yi ta kusantowa yana nesantawa, ya ja hoton hagu ya ja shi dama, ya gyara kunne ya manta yadda hanci yake. Ana kiran wannan ɓata lokaci. Ni motsa jiki nake kiransa, kuma yatsun masu hotonmu sun fi na kowa lafiya.

Sai mu zo kan launi, inda baiwarta ta fi fitowa fili. Yawancin allunan nan masu araha irin da ake kira TN ne, kuma ɗabi'arsu ita ce kowa su ba shi abin da ya dace da mazauninsa. Wanda ya duba daga sama ya ga hoto ya koɗe ya yi fari. Wanda ya duba daga ƙasa ya ga ya yi duhu, wani lokaci har launuka su juye. Na gefe shi ma da nasa. Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin hoto kwana biyu bayan ɗaurin aure ya ga abin da idonsa. Mai hoto yana zaune a kujera. Uwar amarya tana tsaye a bayansa da mayafinta, ƙanwarta tana leƙe ta gefe, yaron shago yana tsugune yana warware wayar firinta.

"Ɗana, ya na ga yarinyar nan ta yi fari fat, kamar wadda ta tashi daga jinya?"

"Hajiya, ki ɗan sunkuyo kaɗan."

Ta sunkuya, ta wuce inda ake so.

"To yanzu kuma ta yi duhu. Ai ba haka take ba."

"Yaya, ni daga nan lallen ma kamar ruwan ƙasa nake ganinsa," in ji ƙanwar.

Sai mai hoto ya sa yatsa biyu ya kama murfin laftof, ya tura shi baya kaɗan, ya jawo shi gaba kaɗan, yana kallon fuskar Hajiya maimakon allo, har ta ce, "Yauwa, Allah ya yi maka albarka, ga ɗiyata nan." Bai taɓa hoton ba. Ko ɗigo ɗaya bai canja a cikin na'ura ba. Da hinjin murfi ya yi gyaran, kuma an gode masa. Ku faɗa mini wata sana'a a duniya da ake gamsar da mai kaya cikin sauƙi haka. Mutum huɗu a ɗaki, amarya huɗu a allo, babu wanda aka hana tasa. Firinta kuma in ta tashi sai ta fito da ta biyar, wadda babu wanda ya taɓa gani a cikinsu.

Yadda ake samun ta biyar ɗin ma akwai hikima a ciki. Ɗakin hoto a bakin titi yake, ƙofa a buɗe saboda zafi da kuma masu wucewa, rana tana kwararowa. Irin waɗannan alluna tun suna sabbi haskensu bai cika wuce 220 zuwa 250 ba a ma'aunin da ake kira nit, kuma fitilar bayansu tana dusashewa da shekaru. Sai hoto lafiyayye ya bayyana da duhu a idon mai gyara, shi kuma ya ja sandar haske sama har ransa ya kwanta. A cikin na'ura kowane launi yana da daraja daga 0 zuwa 255, kuma duk abin da aka tura ya buga 255 ya zama fari fes, babu zane babu zare. Ta nan ne farar shaddar da ango ya yi wata uku yana tara kuɗinta, gezna mai zanen saƙa da ake gani tun daga nesa, take komawa farin yadi. Ɗinkin da tela ya kwana a kansa ya ɓace. Wannan ma alheri ne in an duba da idon basira, domin a hoto babu mai kuɗi babu talaka, kowa likkafaninsa iri ɗaya.

Haka launuka masu kauri. Akwai ma'auni da HP da Microsoft suka fitar a 1996, sunansa sRGB, wanda kyamarori da wayoyi da intanet suka yarda su yi magana da shi. Allon da aka rubuta wa kashi 45 na NTSC a takardarsa bai kai ya nuna kashi biyu cikin uku na wannan ma'auni ba. Ja ya fito masa a gajiye, tsanwa ta fito kamar ta sha wanki. Mai gyara, bawan Allah, sai ya ƙara musu kauri har su gamsar da shi. In allon kuma ya karkata zuwa shuɗi, kamar yadda da yawansu suke yi, sai ya zuba rawaya da ja don fata ta dawo daidai a idonsa. A takarda sai ka ga atamfa tana ci da wuta, goshi ya yi ruwan lemo, ruwan goron tutar ƙasa da ke bayan ƴan lakwal ranar rabon sakamako ya doshi ja. Yara suna son launi mai ƙarfi, ba a yi asara ba.

A nan ne ya kamata ma'aikatar lafiya ta aiko da takardar yabo. Ƙasashe sun sha wahala da man bilicin, har Kwaddibuwa ta haramta shi a 2015 saboda ɓarnar da yake yi wa fata. Mu kuwa mun samu hanyar da mace za ta yi fari ba tare da ta shafa komai ba, ba ƙuraje ba tabo, jika ɗaya ko biyu ta wadatar. Kamfanin Kodak ya yi shekaru, tun daga shekarun 1950, yana raba wa masu wankin hoto katin gwaji mai ɗauke da hoton Baturiya, da shi ake daidaita injin, baƙar fata kuwa ta fito yadda ta ga dama. Malama Lorna Roth ta jami'ar Concordia a Kanada ta rubuta a 2009 cewa cikin waɗanda suka matsa wa kamfanin ya gyara har da masu sayar da cakulan da kayan katako, saboda launin hajarsu ba ya fita a talla. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka ga katin da ya haɗa mata masu launi daban-daban. Daga baya Transsion, kamfanin Sin mai Tecno da Infinix da itel, ya ci kasuwar Afirka da kyamarar da aka saita don ta kama baƙar fuska da kyau. Duk wannan wahala da aka sha a duniya, mu da laftof ɗaya da sandar haske muke warware ta cikin minti biyu, kuma babu Baturen da ya sa mu.

Kada a ɗora wa allo duka ladan, a yi adalci. Mu ma masu zuwa ɗaukar hoto muna da kasonmu. Wa bai taɓa jin "Malam, a ɗan ƙara mini haske" ba? Allon dai ya sauƙaƙa ne: ya hana mai gyara sanin inda kaɗan ya ƙare, inda ya shiga mayar da mutum wani.

Ina tausaya wa mutanen da. Philippe Koudjina ya yi ta ɗaukar samari da ƴan matan Yamai tun shekarun 1960, Malick Sidibé yana yin irin nasa a Bamako. Ba su da babban allo, sai ɗaki mai duhu da ruwan magani da ido. Saboda wannan rashi suka ƙare da nuna mutane yadda Allah ya yi su, baƙar fata tana sheƙi, farar riga kuma ana ganin kowane lanƙwasa a jikinta, duk a hoto guda. Abin da Sidibé ya samu a ƙarshe bai wuce kyautar Zakin Zinariya ba a birnin Venis a 2007. Da ya riski zamaninmu da ya huta.

Ta fuskar tattalin arziki ma ba a bar ta a baya ba. Hoton da aka wanke sau ɗaya aka miƙa wa mai shi, mutum ɗaya ya ci. Wanda aka wanke sau uku kafin a dace, mai takarda ya ci, mai tawada ya ci, ɗan kabu-kabun da aka aika ya sayo su ya ci. Firintar Epson L805 kwalaben tawada shida gare ta, kowace tana jiran a tuna da ita. Ko ɗan ƙaramin hoton takardu, mai milimita 35 a 45, wanda ɗigo 413 a 531 suka ishe shi in za a wanke shi da kyau, yana samun nasa rabon albarka. Ɗalibi ya manna shi a takardun jarrabawar BEPC, ranar jarrabawa mai tsaro ya dubi hoto ya dubi yaro, ya sake duban hoto. An samu abin hira kafin a raba takarda, tsoro ya ragu.

Kuran, wato wutar lantarki, shi ma ya shigo cikin shirin. Laftof in ta koma kan batir takan rage hasken allo da kanta don ta daɗe. Ke nan hotunan da aka gyara da safe akwai wuta, da waɗanda aka gyara da rana an ɗauke, kowanne da irin haskensa, alhali biki ɗaya ne, rumfa ɗaya. Daga Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take sayar wa Nijar, har zuwa Maris 2024 da ta maido, masu hoto sun samu horo na musamman a wannan fanni. Ka buɗe albam ka ga amarya tana sauya launi shafi bayan shafi, ba ka gajiya da kallo. Mai inci 17.3 kuwa, da nauyinta na kilo biyu da rabi zuwa uku, ga caja kamar bulo, ga batirin gwanjo da ba ya kai sallar la'asar, ita ke tabbatar da cewa wanda ya ɗauke ta a kafaɗa zuwa biki a Guci ya ci guminsa.

Mai hotonmu yana da wani ɗan'uwa da bai kamata a manta da shi ba, ko da yake bai cika zuwa ƙauye ba. Shi ne saurayin da ya ji an ce yawan ɗigo ne magana, sai ya sayar da babur ya sayo mai 4K, 3840 a 2160, ɗigo sama da miliyan 8 cunkushe a inci 13.3. Ya zuba mata CS6, wanda bai san yadda ake faɗaɗa rubutu a irin wannan allo ba, sai sandunan aiki suka koma ƙanana har sai ya kusa manna hanci kafin ya karanta. Batir kuma yana zuba kamar an huda shi. Hoton da ya gama wahala a kansa ya tura ta WhatsApp, wanda ke matse shi zuwa ɗigo 1600 ko kusa da haka a dogon gefe in ba a zaɓi HD ba. Shi ma Allah ya saka masa, ya nuna cewa ana iya yin kuskuren nan ta ɗaya gefen, da kuɗi mai yawa.

Wadda ba zan yafe wa ba ita ce ƴar tsakiyar nan, mai inci 14 ko 15.6, 1920 a 1080, allo irin IPS, marar ƙyalli, wadda aka rubuta mata sRGB kashi 100 ko kusa da haka. Ba ta da kunya ko kaɗan. Ka dube ta daga sama, ka dube ta daga gefe, magana ɗaya take yi. In hoto bai fita ba sai ta faɗa maka tun Hajiya ba ta zo ba. In ka wanke fuskar mutum da haske sai ta nuna maka ka wanke ta. Ta hana mai takarda ciniki, ta hana murfi aikinsa. Wasu ma sukan wuce gona da iri: su ajiye ƙaramar laftof don zuwa biki, a shago kuma su jona mata allo na tebur mai inci 24 ta wayar HDMI, su sa labule a ƙofa, su tsayar da hasken allo wuri ɗaya safe da yamma, su wanke hoto guda na gwaji su riƙe shi kusa da allo suna kwatantawa. Masu hali har ƴar na'urar daidaita launi suke saye, irin Spyder. Irin waɗannan mutane in aka bar su, sai kowa a Magarya ya koma kama da kansa.

Don haka ga shawarata ga ƙanena da ya tara jikkunansa zai shiga Kano ko Damagaram sayen kayan aiki. Ka tambayi inci, ka tsaya a nan. Kada ka danna maɓallin dama na maus a fili ka shiga saitin allo, don lambar ɗigon tana nan a rubuce, za ta ɓata maka rai. Kada ka yarda da wanda zai ce maka HD da Full HD ba ɗaya ba ne, ko ya ce samfuri guda, irin ThinkPad T450 ko EliteBook 840, an fitar da shi da alluna iri-iri a ƙarƙashin suna ɗaya, don haka sai an kunna an duba. Kada ka kula da mai cewa ko IPS ɗin ma akwai mai kashi 45, a nemi mai 72 na NTSC ko 100 na sRGB. Kada ka tafi da filas mai hoton mahaifiyarka sanye da farin mayafi, wadda ka san launinta tun kana goye, ka buɗe shi a shagon. In kuma tsautsayi ya sa ka buɗe, to ina roƙonka kada ka tura murfin baya ka jawo shi gaba kana kallon fuskarta. Ka biya Alhaji kuɗinsa, ka ɗauko mai faɗin, ka dawo gida lafiya. Akwai bukukuwa bayan kaka, kuma amare suna jiranka.